Hannun da Ya Ɗage Allura

Kafin motar ɗaukar gawa ta fice daga layin, unguwar Boedo ta gama shari'a: Doña Elvira ce ta kashe mijinta. Mai sayar da kayan miya ta rantse ta ji ta da kunnenta tana cewa wata rana sai ta fasa wa Anselmo kai da lasifikarsa. Mai aski ya ƙara da cewa shi dama idon matar bai taɓa kwanta masa ba. Mu mutanen Buenos Aires haka muke. Tsoho ya mutu a ɗakinsa, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke masa safa ake fara kallo.

Sufeto Mabel Quiroga ta ji duk wannan tun daga bakin ƙofa. Ba ta ce ƙarya ba ce. Ta dai daɗe da sanin cewa maganar da kowa ya yarda da ita, yawanci babu wanda ya tsaya ya duba ta.

Ɗakin sauraron kiɗa ne, inda Don Anselmo Petrocelli ya jera faifan garmaho na tsohon kiɗan rok daga ƙasa har rufi. A kujerarsa aka same shi, tsakanin lasifika biyu, ƙeyarsa a fashe. Abin da aka buge shi da shi yana yashe a ƙasa: dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da masu wannan harka ke ɗorawa a tsakiyar faifai don ya zauna daram. An goge shi tas.

"Ranki ya daɗe, magana ta ƙare," in ji Saje Ledesma. "Ba a fasa ƙofa ba. Maƙwabta sun ji kiɗa jiya da la'asar, can sai ya ɗauke. Tsohuwar tana caji ofis, shugabanmu ya ce gobe da safe a kai ta gaban alƙali."

Sufeto ta ɗaga murfin garmahon. Akwai ɗige-ɗigen jini a gefen farantin da ke juyawa, amma tsakiyarsa fes.

"Saje, lokacin da aka yi bugun nan akwai faifai a kai. Wa ya ɗage allura, ya cire faifan, ya rufe murfi?"

Ledesma ya sosa ƙeya.

Faifan yana jingine a gefe, na wata tsohuwar ƙungiya, Los Faroles Rotos. An goge shi, an sa shi a rigarsa ta takarda. Sai dai ba a mayar da shi cikin kwalinsa ba, a bayan kwalin aka zura shi, cikin leda ɗaya. Ta zaro faifai nan da can daga kanta. Duk na Anselmo a cikin kwali suke.

Ta ɗauki wani daban daga kantar, ta sa a jaka.

A caji ofis Doña Elvira tana zaune da jakarta a cinya, idonta a bushe.

"Mama, ina kika je jiya da la'asar?"

"Gidan ƙanwata."

"Na kira ta. Ta ce rabonta da ke tun bikin Ista."

Tsohuwar ta yi tsaki. "Wannan ko ƙarya ba ta iya ba. To, wurin lauya na je, rabuwa nake nema. In faɗa wa sajen can mai ƙaton ciki, ya yi ta tsalle ya samu dalili?"

"An ce kin ce za ki fasa masa kai."

"Na faɗa. Kullum nake faɗa. Ke ba ki taɓa aure ba, 'yar nan?"

"Na taɓa."

"To kin sani."

Sufeto ta fito da faifan daga jaka, ta zare shi, ta miƙa mata. "Mayar mini da shi."

Elvira ta damƙe shi kamar farantin taliya, babban yatsa dumu-dumu a kan layukan, ta cusa shi a kwali, rigar takardar kuwa ta bar ta a kan tebur.

"Yau na fara riƙe irinsa," ta ce. "Ko ƙurar ɗakin ba ya bari in share. Iyakata bakin ƙofa da tire. Duk Asabar abokansa biyu su zo, Osvaldo da Fermín, su juya baya, su yi tsit kamar ana wa'azi a coci. In na yi tari a kicin sai a aiko min da harara. Fermín har yau Elena yake ce mini."

Masu ɗaukar zanen yatsa sun gaskata ta: babu nata ko ɗaya bayan ƙofar ɗakin. Lauyan kuwa ya ce ta zo, amma da wuri ta tafi, don haka shugaban caji ofis ya ƙi sakinta. Ya ba Sufeto zuwa safiya.

Osvaldo Grinberg, tsohon likitan haƙori, yana gidan shan kofi na kwanar layinsu, ya tsoma burodi a madara ya manta da shi.

"Me kuke yi ranar Asabar, Dokta?"

"Gwaji, Sufeto. Waƙa ɗaya, faifai biyu da kamfani ya buga a lokaci daban-daban. Ka juya baya, Anselmo ya saka wannan, ya saka wancan, ka faɗi wane ne bugun farko, wane ne sabon bugu. Ni canka kawai nake yi, in ci in fāɗi. Fermín Ocampo kuwa bai taɓa kuskure ba. Kunnen Zinare ake ce masa. In ya rubuta a mujalla cewa bugu kaza ya fi, daga nan har birnin Rosario ba mai musu."

"Akwai saɓani tsakaninku?"

"Haba! Mu? 'Yan'uwa ne mu."

"'Yan'uwa nake gani a mutuware kullum, Dokta. Akwai mace a tsare, za a kai ta kotu da safe."

Osvaldo ya sunkuyar da kai. "Anselmo akwai baƙin wasa. Makon jiya ya ja ni gefe, ya ce in zo ranar Asabar da haƙorana duka, zan yi dariyar da ban taɓa yi ba. Ya ce zinaren ya fara tsatsa."

Ta miƙa masa faifan. Ya riƙe shi ta baki-baki da tafin hannu, ya hango shatin yatsan Elvira ya yamutsa fuska, ya sa shi a riga, ya zura rigar cikin kwali.

Fermín Ocampo shi kaɗai yake zaune, a hawa na uku. Dogo ne, da gyale a wuya, gidan babu ko ƙwayar ƙura. Tun daga ƙofa Sufeto ta hango kantocinsa. Kowane faifai a bayan kwalinsa yake, cikin leda.

"Yaushe rabonka da Anselmo?"

"Tun Asabar. Kash, Elena baiwar Allah. Haƙuri ma yana ƙarewa, Sufeto, ku sassauta mata."

Ya juya zai ɗora ruwan shayin mate a wuta. Sufeto ta yi magana a bayansa, da muryarta ta kullum. "Don Fermín, sunanta Elvira."

Ko gezau bai yi ba. Ta maimaita. Saje Ledesma, da ke can bakin ƙofa, ya waiwayo. Sai da Fermín ya juyo ne ta lura ba idonta yake kallo ba, leɓenta yake kallo.

Ta zare faifan, ta ajiye shi tsirara a kan teburin cin abinci, dab da gwangwanin sukari.

"Kai, kai, kai!" Ya yi wuf ya ɗauke shi. "Ba a koya muku komai a makarantar 'yan sanda?" Ya jawo buroshi, ya bi layukan a hankali, ya sa shi a riga, ya zura shi a bayan kwali.

"Me ya sa ba a ciki ba?"

"Yana tsaga bakin kwali. Shekara nawa ina gaya wa jakunan nan biyu, sun ƙi ji. Ni kaɗai ne a garin nan..."

Ya tsaya. Hannunsa yana kan ledar.

"Ƙarasa mana," in ji Sufeto. "Haka na tarar da na Los Faroles Rotos a ɗakin Anselmo. An cire shi bayan jini ya zuba."

Ya daɗe a tsaye, butar tana ta tafasa bai ji ba. Ledesma ne ya je ya sauke ta. Sannan Fermín ya zauna.

"Shi ya kira ni. Ya ce ya samo bugun farko na shekarar saba'in da ɗaya, in zo ni kaɗai in gwada shi da sabon bugu. Na juya baya. Ya saka na farko, na ce wannan shi ne, ganga tana da jiki, muryar mawaƙin kamar yana tsaye a ɗakin. Ya saka na biyu, na ce wannan kwali ne, an shaƙe shi, ko a motar haya ba zan saurare shi ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Faifai ɗaya ne. Sau biyu ya saka shi. Sabon bugu ne, a kasuwar Lahadi ya saye shi. Ya faɗa kujera yana dariya har da hawaye, faifan yana ta yi. Ya ce ya daɗe da ganewa, ya ce ranar Asabar zai faɗa wa Osvaldo, ranar Litinin mujalla. Na roƙe shi, Sufeto. Tun muna samari muke bin layin shago tare. Ya ce, 'Ɗaga murya, kurma, ban ji ba.' Ƙarfen yana kusa da hannuna."

"Ba ka da mata, ba ka da 'ya'ya?"

"Kunne nake da shi."

"Bayan ka buge shi fa?"

"Waƙar ta ƙare. Allura ta kai ƙarshen layi tana ta gurza wuri ɗaya. Ban ji ba, gani na yi. In aka bar ta haka cinyewa take yi. Ba a barin allura haka."

"Sabon bugu ne, ka ce. Na kasuwar Lahadi."

"Faifai ne dai."

"Waya tana ɗakin?"

"Tana nan."

"Anselmo yana numfashi?"

Fermín ya kalli leɓenta, ya fahimta sarai, ya kau da kai.

"Kuma ka wuni kana jin unguwa tana cin naman matar, ka ce mu sassauta mata."

Ledesma ya fito da ankwa. Fermín ya miƙa hannu ba gardama, ya dai roƙi a sauke labule kada rana ta bugi kantocin. Babu wanda ya sauke.

Da yamma aka saki Doña Elvira. Ta ƙi motar 'yan sanda, ta tafi gida da ƙafa, ta wuce ta gaban mai kayan miya da mai aski, babu wanda ya ɗaga kai ya gaishe ta.

Washegari likita ya kawo sakamakon binciken gawa. Bugun bai kashe Don Anselmo nan take ba. Yana da rai lokacin da Fermín yake goge faifan, kuma da an kira asibiti a lokacin, da ya rayu.