Wandon da Ba Ita Ta Ɗinka Ba

"Wa ya ɗinka maka wannan?"

Ta ɗaga wandon. Shekara bakwai da aurensu, ko maɓalli bai taɓa kai wa wani ba, don ita ce telarsa tun kafin ta zama matarsa. Yau ga baƙon ɗinki a jakar tafiyarsa, karkatacce abin kunya, da wani dogon aljihu ta ciki daidai cinya.

Mijinta Dogo, direban babbar mota mai baki kamar rediyo, ya kawar da kai.

"Wata takwas kana kwana a falo. Ka ce bayanka ke ciwo, na yarda. Ka hana ni wanke maka kaya, na yi shiru. In wata ce, ka faɗa min... zan iya ɗauka."

"Wata? Haba, Tela..."

Ya zauna a bakin kujera, ya naɗe ƙafar wandon da ke jikinsa a hankali. Jakar roba ce ɗaure a cinyarsa, da siririn bututu, rabinta cike da fitsari jaja-jaja.

Ta durƙusa a gabansa.

"Shekara biyu ke nan fitsari na min gardama," ya ce, kansa a ƙasa. "In tsaya a gefen titi minti goma, ɗigo-ɗigo. Na dinga sayen ƙwayoyi a tasha. Ranar da ya toshe gaba ɗaya aka kai ni asibiti, aka sa min wannan. Likita ya ce ya riga ya taɓa ƙoda, in dawo... ban koma ba, sai dai canjin roba."

"Shekara biyu, ina gabanka?"

"Da wane ido zan kalle ki? Ni kaina warin kaina nake ji."

"Wata biyar na yi jinyar mahaifiyarka, Dogo. Ka taɓa ganin na toshe hanci?"

Ya girgiza kai. Ita kuwa haushi da tausayi suka haɗe mata. Ta kifa kanta a gwiwarsa ta yi kuka mai isarta.

Washegari ta tasa shi gaba har ofishin likita. Tun kafin ta zauna ta ce a cire ƙodarta ɗaya a ba shi. Likitan ya daɗe yana juya takardun gwaji, sannan ya ce jikin ba zai ɗauki aiki ba yanzu. Da tun farko ya zo, ƙaramin aiki ne, kwana uku a sallame shi.

Ta mayar da shi ɗakinsu. Ita ke zubar da jakar, ita ke goge shi, tana tsokanarsa wai direba ya zama fasinja. Shi ma yakan rama, ko da muryar ta dushe.

Sati shida suka samu.

Ranar ƙarshe, da hantsi, ya laluɓo hannunta.

"Masoyiyata... ki yafe min."

"Na yafe maka, mijina. Amma ka cuce ni. Ka ji kunyata, ni da ban da kowa sai kai. Da ka buɗe baki sau ɗaya, da tare za mu tsufa."

Ta jira ya mayar mata da magana, don tun da suke bai taɓa bari tata ta zama ta ƙarshe ba.

Wannan karon ya bar mata.