Giyar da Ta Fi Ƙarfin Direba

Can wani zamani, tun kwalta ba ta iso ƙauyuka ba, an yi wani direba mai cika baki. Duk sanda ya taka kuloci sai motarsa ta yi ƙiiii. Bakanike ya ce masa, "Boris ɗin kulocinka ya cinye, kawo in canja."

Direba ya ce, "Gyare ne ya shiga."

Fasinjoji suka yi magana, ya ce, "Gyare ne."

Ran kasuwa ya ɗauko Liman, wanda yake neman auren 'yarsa, ya sa shi gaba don ya burge shi. Suna tsakiyar hawan tudu sai ƙiiii, ƙaras! Mota ta tsaya. Ya yi ta kokawa da sandar giya, gumi na zuba.

Liman bai taɓa shiga mota ba. Ya ce, "Samari, lafiya?"

"Allah gafarta Malam, giya ce. Wata guda nake lallaɓa ta, yau ta fi ƙarfina."

Liman ya yi salati, ya sauka da butarsa. "Giya? Wata guda? To 'yata ma ta fi ƙarfinka!"

Ya kama hanya da ƙafa, direba na binsa yana rantse-rantse, mota kuwa tana gangarawa da baya.