Gyaɗar Gidan Baba

"Ba zan koma da ita gidan nan ba, Malam..."

Zulaihatu ta faɗa ba tare da ta ɗago kai ba. Tana zaune a ƙasa, gefen gadon ƙarfe a asibitin Zariya. A kan gadon 'yarta Huseina ce ke barci, kumburin fuskarta ya fara sacewa bayan allura.

Mijinta Uwaisu, wanda saukarsa ke nan daga motar Makarfi, ya tsuguna kusa da ita.

"Me Baturen likitan ya ce?"

"Malamin asibiti ya fassara mini. Ba iska ba ce, ba mayu ba. Gyaɗa ce, jikinta ba ya karɓarta. In ta sake ci, maƙogwaronta zai iya toshewa."

Gidan su Uwaisu a Gazara ta ƙasar Makarfi gidan gyaɗa ne, mahaifinsa na nomawa, mahaifiyarsa na soya ƙuli-ƙuli. A kakar bara Hassana, abokiyar tagwaicin Huseina, ta kumbura haka, ta cika kafin mai magani ya iso.

"Ashe da hannuna na ba ta tunkuzar gyaɗa..." in ji Zulaihatu.

"Kwananta ne ya ƙare, Zulai. Amma Baba ya tsufa. In na fita, wa zai riƙe masa gonar?"

"Ban ce ka bar shi ba. Ni dai na gaji. An ɗauki ɗaya a gabana, ba ni da ƙarfin ganin ta biyu."

Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya tashi ya tafi.

Mako ya zagayo ba labarinsa. Ta daina duban ƙofa. Ba ta ma ji haushinsa ba, ai uba uba ne.

Ranar sallama tana ɗaure ƙunshinta ta ji sallamarsa. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta.

"Na yi mana ɗaki a bakin fadama, nesa da rumbu. Rake zan noma da dawa. Kullum zan leƙa Baba, in wanke jikina kafin in shigo."

"Baban ya yarda?"

"Shi ya yanko mini ciyawar jinka. Ya ce in gaya miki gyaɗa ana sake shukawa."

Hawaye suka zubo mata.

"Ya isa haka, sanyin idona. Kawo ta."

A cikin mota ya rungume Huseina a ƙirjinsa. Kafin su fita Zariya barci ya kwashe Zulaihatu, kanta a kafaɗarsa, bai motsa ba har Makarfi.