Ƙanzon Mutanen Da

A Rafin Guza akwai wata yarinya, sunanta Mardiyya. Tana aji biyar a firamare. Kai, wannan yarinya akwai son wanke-wanke! In ka sha ruwa ka ajiye kofi, kafin ka waiwayo ta wanke ta kife.

Ummanta kuwa sai murna. Kullum cewa take, "Tsafta cikon addini. Baƙar tukunya abin kunya ce a gida."

Wata rana da damina, sai ga baƙi a filin bayan gidansu. Suka kafa turaku, suka ja igiya, suka hau haƙa a hankali da ƙananan cokula irin na magina. Shugabarsu wata mace ce mai fara'a, ana ce mata Anti Nafisa.

Mardiyya ta matsa kusa da igiyar. "Anti, zinari kuke nema?"

Anti Nafisa ta yi dariya. "A'a, 'yata. Titi za a yi ta nan. Kafin katafila ta shigo, aikinmu ne mu duba ko mutanen da sun taɓa zama a wurin. In mun samu shaida, za a dakata. In ba mu samu ba, ranar Litinin a baje komai."

Da yake gidan su Mardiyya ne mafi kusa, Abbanta, Malam Balarabe, ya ba baƙin zaure su riƙa ajiye kayansu.

Ranar Alhamis aka ji sowa a filin. Sun tono gindin wata tsohuwar tukunyar ƙasa! Anti Nafisa ta ɗauko shi da hannu biyu kamar jariri. Ta ɗora shi a kan faranti a zaure don ya sha iska, suka tafi sallar Azahar.

Mardiyya ta dawo daga makaranta ta gan shi. Ta leƙa ciki. Baƙi ƙirin, ga wani tsohon ƙanzo ya kama ƙam!

"Wai! Ashe mutanen da ma suna da ƙazanta," ta faɗa a ranta. "Bari in gyara wa Anti, ta ji daɗi."

Ta ɗebo toka, ta ɗauko soso da sabulu. Ta dirje, ta kankare, ta ɗauraye. Tsohon kasko ya fito ja jawur. Ta mayar da shi kan faranti, ta tsaya gefe tana murmushi, tana jiran yabo.

Anti Nafisa ta shigo. Tana ganinsa ta dafe kai.

"Innalillahi! Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce, Anti. Na wanke miki ne."

Anti Nafisa ta zauna a kan benci. "Mardiyya, ai wannan baƙin shi ne abin da muke nema. Ragowar abincin mutanen ne. Shi ake kaiwa ɗakin gwaji, a gane shekarun da suka yi da kuma abin da suke ci. Yanzu me zan nuna kafin Litinin?"

 Mardiyya ta ruga bayan gida ta duba inda ta zubar da ruwan wankin. Ina! Ya bi kwata tuni. Sai ta fashe da kuka.

Abba ya zo ya ji abin da ya faru. Ransa ya ɓaci.

"Naki ne?"

"A'a, Abba."

"An sa ki?"

"A'a."

"To, kin gani. Garin neman gira an rasa ido. Anti Nafisa, don Allah ki yi haƙuri."

"Ba komai, Malam," in ji Anti Nafisa. "Ni ma da nawa laifin. Na ajiye ban yi wa kowa bayani ba."

Wannan magana ta ƙara sa Mardiyya jin kunya. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Ran Asabar da safe ƙawarta Ladidi ta zo kiranta wasan 'yar gala-gala. Mardiyya ta ce ba ta yi. Ladidi ta jefa tsingaronta sama ta cafe.

"Dubi nawa sabo. A kwazazzabo na samo. Sai da na tsallake baƙaƙen nan masu ɓata hannu."

Mardiyya ta yi zumbur ta miƙe. Baƙaƙen nan! Ai duk 'yan matan unguwa a can suke tsintar tsingaron wasa, a ƙarshen filin, inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Masu baƙi kuwa ba mai kula su.

Suka kwasa a guje. Can a jikin kwazazzabon, ga bakin wata tukunya ya leƙo daga cikin ƙasa. Ladidi ta miƙa hannu za ta ciro.

"Kar ki taɓa!" in ji Mardiyya. "Tsaya nan ki yi gadi. Ko akuya kar ki bari ta zo."

Ta koma wajen masu haƙa tana haki. "Anti, don Allah ina da tambaya. Baƙin da kike nema, na kowace tukunya ma ya yi?"

"In ta mutanen da ce, kuma tana inda suka bar ta. Me ya faru?"

"Zo ki gani. Wallahi ban taɓa ba."

Anti Nafisa ta durƙusa a bakin kwazazzabon. Ta sa ɗan buroshi tana share ƙasa sannu a hankali. Mardiyya ta harɗe hannayenta a baya. Har la'asar ana abu ɗaya, sannan tukunya ta fito, kusan cikakkiya, ba ta fashe ba. Cikinta baƙi ƙirin!

"Alhamdu lillahi!" Anti Nafisa ta rungume Mardiyya, da ƙasa da komai a jikinta. Ma'aikata suka hau tafi. Ladidi har da guɗa, ko da yake ba ta iya ba.

Litinin ta zo, katafila ba ta shigo ba. Aka kai ƙanzon gwaji. Bayan 'yan watanni sakamako ya fito. Tukunyar ta yi shekaru dubbai, kuma gero aka dafa a ciki. Masu titi suka ɗan karkatar da hanya, aka bar wurin don a ci gaba da bincike.

Ranar da aka ajiye tukunyar a gidan tarihi, Anti Nafisa ta gayyato Mardiyya da iyayenta. Umma ta daɗe tana kallon ta cikin gilashi, tana ɗan yatsine fuska.

"Oh ni! Yanzu haka za a bar ta da wannan baƙin?"

"Haka za a bar ta, Umma," in ji Mardiyya. "Wannan ba tamu ba ce."

Kowa ya kwashe da dariya.

Har yau Mardiyya tana son wanke-wanke. Amma ta koyi darasi: abin da ba naka ba, kada ka taɓa sai ka tambaya, ko da alheri kake nufi. Matambayi ba ya ɓata.