Kwalabe Tara a Firjin Dakta Mustapha

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Dakta Mustapha, a unguwar Ali Kazaure. Matarsa Kubra ta ce aljanu ne. Shi kuwa, malamin jami'a mai nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauki dutsen ya juya, ya ce baƙin dutse ne irin na wajen Miango. A jiƙe yake, ga shi rani ne. Wannan bai yi sharhi a kai ba.

A can Miango ya ɗebo kwalabe tara daga wata rijiyar burtsatse da ta huda tsohon kogin da dutse ya binne. Ruwan sama ne da ya sauka dubban shekaru da suka wuce. In aka auna nauyin ƙwayoyinsa da iskar da ta narke a ciki, sai a san irin sanyi da daminar wancan zamani. Ƙa'idar aikin ita ce a kunna inji a yi ta zubar da ruwan farko, sannan a cika kwalba a toshe, kada iska ta shiga. Awa shida ya yi yana zubarwa. Rijiyar ta rufta washegari. Da yake firjin ɗakin gwaji ya lalace, kwalaben suka sami wuri a gida, kusa da zoɓon Kubra.

Tun daren jifan 'yarsu Ummusalma ta daina shan ruwa. In aka kai kofi bakinta, haƙoranta su datse. A asibiti an yi mata ƙarin ruwa, an duba komai, an ce lafiyarta ƙalau. Leɓenta dai ya ci gaba da tsagewa. A rana ta huɗu Dakta ya yarda a kira Malam Bala mai ruƙiya, wai don hankalin Kubra ya kwanta.

Malam ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, ta ce tun ranar da ruwan nan na Miango ya sauka take cikinsa da zuriyarta, sai ga wani ya zo ya malalar da su a rana.

"Awa shida ina kallo suna bushewa. Shi ma ya zauna ya kalli tasa."

"Baiwar Allah, yarinyar ba ta taɓa ki ba," in ji Malam. "Faɗi abin da za ki karɓa."

Ta ce ragowar gidanta, kwalaben nan duka tara, kuma uban ya buɗe da hannunsa. Dakta ya fara bayanin cewa ko guda ɗaya aka bar masa ta isa gwaji. Kubra ta dube shi. Ya nufi firji.

Ɗaya bayan ɗaya ya ɓalle murafun, Ummusalma tana kwankwaɗa. Da ta ajiye ta ƙarshe, muryar ta yi wata 'yar dariya.

"Dakta, so kake ka san yadda lokacin yake? Sanyi ne mai fasa dutse, damina wata biyu, ko bishiya babu a tudun nan. Je ka rubuta, ka ce ni na gaya maka."

Yarinyar ta yi atishawa, ta ce Umma a ba ta ruwa. A rahotonsa Dakta ya rubuta cewa samfuran sun lalace a wajen ajiya.