Ɗan Damben da Zambo Ke Kayarwa

A wani zamani can baya, an yi wani saurayi mahauci mai ƙarfin damtse, amma kullum a dambe shi ne a ƙasa. Da makaɗin abokin karawarsa ya yi masa zambo, sai ya fusata, ya afka ido rufe. Har mahauta suka ce in ya sake faɗuwa, ya bar damben ke nan.

Ya je wurin wani tsohon ɗan dambe. "Baba, koya mini naushi."

"Naushi kana da shi, ɗana. Tsayuwa za ka koya."

Kullum sai ya yi gudu cikin yashi, ya dawo ya tsaya da ƙafa ɗaya, tsoho na tsokanarsa: "Kai, mai kunnuwa kamar faifai!" Ya fusata, ya faɗi. Washegari ma ya fusata, ya faɗi. Sai da damina ta wuce kafin ya iya tsayuwa.

Ranar wasan kaka, makaɗin abokin karawarsa ya yi ta zambo har muryarsa ta dushe. Saurayi ko gezau. Ƙaton da ke gabansa ne ya ƙosa, ya afko. Naushi ɗaya, sai ƙato a ƙasa.

Can makaɗin ya sassauta murya, ya ce, "Jama'a, wa ya san kirarin bawan Allahn nan?"