Kunun Suruki

A can wani zamani, a wani gari, an yi wani mutum mai son a kalle shi. Abu guda ya iya: ya cika bokiti da ruwa, ya wujijjiga shi kamar majajjawa, ko ɗigo ba ya zuba. Muddin hannu na gudu, ruwan yana manne a gindin bokiti, ko da bakinsa ya kalli ƙasa.

Ran nan matarsa ta dama kunun tsamiya, ta zuba a ƙaramin bokiti, ta ce, "Maigida, ka kai wa Baba, yana jira. Don Allah ban da wasan nan naka."

Ya ce, "Haba, ni yaro ne?"

Da ya iso bakin kasuwa ya ga jama'a, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya juya, ya juya, ko ɗigo bai zuba ba. Aka yi tafi. Ya sake juyawa, ya juya, ko ɗigo bai zuba ba.

Kwatsam sai ga surukin nasa da sanda, ya gaji da jira. To, ba a gaida suruki a tsaye. Mutumin ya tsai da hannu, ya zube ƙasa, bokiti kuwa yana daidai saman kansa. Allah ya so shi kunun ya huce.

Ya ce, "Ina wuni, Baba?" kunu yana bin gemunsa.

Tsohon ya ce, "Lafiya lau. Nawa ne wannan?"

"Naka ne, Baba."

Tsohon ya dangwali goshinsa da yatsa, ya lasa, ya ce, "Gaya mata tsamiya ta ji. Gobe ta kawo da kanta."